Gurasar da Na Daka wa Tattabaru

A unguwar Malaz ta birnin Riyad muke zaune, hawa na biyu na wani tsohon bene. Maigidana direba ne a kamfanin gine-gine, daga sallar asuba yake wucewa aiki, yara kuma su tafi makaranta, a bar ni da shara da girki da karatun da nake saurara a waya. Ƙofar da ke kallon tamu ta wata ma'aikaciyar jinya ce, fara, gajeruwa, mai ƙananan idanu. Ni dai tun ranar da na fara ganinta na yanke cewa 'yar ƙasar Sin ce, ban tambayi kowa ba. Gaisuwa kawai ke haɗa mu a matakala.

Kifi ne ya buɗe mana ƙofar juna. Wata 'yar garinmu ta zo da tsarabar banda, na jiƙa shi da ruwan zafi zan yi miyar kuka, ƙamshi ya cika benen. Sai na ji ana ƙwanƙwasa ƙofa. Ina buɗewa na ga wata tsohuwa da farin ɗankwali ta tsaya ta lumshe ido tana shaƙar iska, ma'aikaciyar jinyar tana bayanta tana jan hannunta, kunya ta kama ta.

"Ki yi haƙuri, 'yar'uwa," ta ce da Larabcinta, wanda ya ɗan fi nawa na kasuwa. "Mahaifiyata ce, ta zo mini ziyara. Ta ce wai a nan gidan ana dafa kifin tafki, sai ta gani da idonta."

Na ce su shigo. Tsohuwar ta wuce kicin kai tsaye kamar ta san gidan, ta ɗauki banda guda ta juya shi, ta latsa, ta sansana, ta gyaɗa kai. Daga ranar na kama kiranta Apa, yadda 'yarta ke kiranta, wato Inna a harshensu. Ba ta jin Larabci sai na salla, ni kuma ba na jin ko kalma ɗaya ta nata. Da hannu da ido muke hira idan 'yar tana wurin aiki, kuma muna fahimtar juna fiye da yadda za a zata.

Sunan ƙasarsu Karakalpakistan. Da na faɗa wa maigidana ya ce, "Hajiya, wannan suna ai sai mutum ya ci ya ƙoshi kafin ya ɗauko shi." 'Yar ce ta yi mini bayani wata ranar Juma'a da ba ta aiki. Ta ce ƙasa ce a cikin ƙasa. Suna da tutarsu da majalisarsu da harshensu, amma fasfon Uzbekistan suke riƙewa, can ƙasar da Bukhara take. Na ce to na gane, kamar gidan gandu ne, kowa da ɗakinsa da tukunyarsa, amma zaure ɗaya ake fita. Ta yi dariya ta ce haka ne, sai dai ɗakinsu ne a can ƙurya, hamada ta gabas, hamada ta yamma, ba su da hanyar fita teku ko ta ina.

"To ina Apa ta san kifi haka?"

Sai ta miƙo mini wayarta. Hoton jiragen ruwa ne, manya, na ƙarfe, sun yi tsatsa ja wur, a jere a kan yashi. Ba ruwa ko na alwala. A inuwar ɗaya daga cikinsu raƙumi ne a kwance yana tuƙa.

Na ce, "Wannan haɗi ne na waya."

Ta ce, "Garinmu ne. Moinak. Wancan na biyun, irinsa kakana ya tuƙa."

Salati na yi ta yi. Na ƙara girman hoton, na rage, na kai shi bakin taga. Mahaifina fataken banda ne, tsakanin Baga da Kano ya ƙare ƙuruciyarsa, kuma tun ina ƙarama nake jin yana cewa Tafkin Chadi yana ja da baya. A sakandare ma an zana mana shi a allo. Amma a ce ruwan da jirgi irin wannan ya yi yawo a kansa ya tashi ya bar gari, wannan ban taɓa kawo shi a raina ba.

Ta ce tafki ne, amma saboda girmansa teku suke kiransa, tekun Aral. Koguna biyu ke shayar da shi, nasu shi ne Amu Darya, wanda Larabawa a zamanin da suke kira Jaihun. A zamanin Tarayyar Sobiyet aka yanke shawara daga nesa cewa auduga za a noma, aka haƙa magudanai aka janye ruwan kogin zuwa gonaki. Apa tana yarinya a ƙofar gida take wanka a teku. Tana budurwa sai an yi tafiya. Lokacin da ta kama aiki a masana'antar kifin gwangwani ta garin, ruwan ya yi nisan da sai daga wasu tekuna ake kawo musu kifi a daskare, don kada masana'antar ta tsaya.

"A kawo kifi garin masunta?" na ce. "Kamar a kai goro Gwanja?"

Ba ta gane ba, ban kuma iya fassara mata ba. Ta ce yau sai ka yi sa'o'i a mota kafin ka ga ruwa, kuma inda ruwan ya tashi gishiri ne ya rage da maganin gona da ya taru shekara da shekaru. In iska ta taso sai ta kwaso shi ta zuba wa mutane a ƙirji. Shi ne tarin nan da nake ji Apa tana yi ta cikin bango.

Kada na sa a ɗauka kuka kawai suke yi da ƙasarsu. 'Yar nan akwai alfahari. Ta nuna mini tsofaffin ganuwoyi na jar ƙasa a tsakiyar hamada, waɗanda suka girmi zuwan Musulunci can, na ce wallahi kamar badalar Kano. Ta ce a ƙasarsu aka haifi wani babban malami, kusan shekara dubu da ta wuce, wanda ya auna girman duniya da lissafi, ya yi rubutu kan taurari da al'adun mutanen Indiya. Ta ba ni labarin wani mai zane, baƙo ne ma a cikinsu, da ya riƙa tattara zane-zanen da hukumar wancan zamani ta haramta yana adana su a Nukus, babban birninsu, don ya san babu wani babba da zai sha wahalar zuwa can ya duba. Apa kuwa kankana ce abin taƙamarta. Duk wadda na yanka sai ta ɗanɗana ta taɓe baki, ta ware hannuwa ta nuna mini girman tasu.

Akwai abu biyu da na lura da su ban tambaya ba. Duk lokacin da waya ta yi ƙara, ko tawa ce, sai Apa ta zabura ta kafa mata ido har a ɗauka. Na biyu, wata rana na ajiye gurasar tamis, irin mai faɗin nan da ake sayarwa a Riyad, a kife a kan faranti, sai ta yi wuf ta juya ta, ta sumbace ta, ta kai goshi. Na ji daɗi a raina, na ce ashe su ma irinmu ne wurin girmama abinci. Na ɗauka na gane ke nan.

Wata Talata da hantsi guguwar ƙura ta rufe Riyad, sama ta yi ja kamar an barbaɗa kanwa da manja. Kafin azahar numfashin Apa ya sarƙe, aka kwantar da ita a asibitin da 'yarta ke aiki. Kwana uku. Ranar da za a sallamo ta 'yar ta leƙo ta ba ni makulli.

"Likita ya ce kada ta shaƙi ƙura. Don Allah ki ɗan goge mini ɗakinta, ban samu lokaci ba."

Ni kuwa in aka ce mini goge, wankewa nake yi. Na cire labule na wanke, na janye gado, na goge fanka, na hau kujera don in share saman durowa. A can na ga wani ƙunshi cikin jan ƙyalle mai ɗinkin hannu, ƙura ta yi masa kauri. Na sauko da shi na kwance. Gurasa ce zagayayya, mai ado a tsakiya, ta bushe ta koma dutse, ta yi launin ƙasa. Gefe ɗaya an gutsura, ga shatin haƙora.

Na ce ɓera. Ban yi shakka ba ko kaɗan. Na ce guzurin hanya ne tsohuwa ta ajiye ta manta, ga shi har ɓera ya gano, kuma mai ciwon ƙirji za ta dawo ta kwana a ƙarƙashinsa.

Ban jefa ta a shara ba, Allah ya kiyaye, ba a haka aka rene ni ba. A unguwarmu busasshen burodi akan ƙulle shi a leda a ajiye gefe don masu dabbobi, ko a watsa wa tattabaru a wani fili da ke bayan benenmu. Na gwada karya ta da hannu ta ƙi. Sai na ɗauko ɗan turmina da na zo da shi daga gida, na daka ta lilis, na yayyafa ruwa, na sa abayata na sauka na watsa. Na tsaya har suka cinye, ina ma yi wa Apa niyyar sadaka, Allah ya ba ta lafiya. Ƙyallen kuma na wanke, na goge, na ninke shi huɗu na ajiye a kan matashinta.

Bayan la'asar suka iso. Na tarye su da farfesun kifi. Apa ta dubi ɗakin yana ƙyalli ta shafa kumatuna. Sai idonta ya sauka a kan matashi.

Ban taɓa jin mutum ya yi irin wannan sautin ba. Ba kuka ba ne, ba ihu ba, kamar an danne mata ciki ne iska ta fita. Ta ɗauki ƙyallen ta warware, ta kakkaɓe, ta duba ƙasa. Matar da aka riƙo a matakala ita ce ta ja kujera za ta hau, 'yar ta riƙe ta.

"Ina abin da ke ciki?" 'Yar ta juyo gare ni, fuskarta ba jini.

"Gurasar? Ai ɓera ya ci, na ba tattabaru."

"Ba ɓera ba ne," ta ce. "Yayana ne."

Ta zauna a bakin gado ta faɗa mini. A wurinsu in mutum zai yi doguwar tafiya, akan gasa gurasa ya gutsura sau ɗaya, a ajiye sauran. Rabonsa ke nan da ya rage a gidan, sai ya dawo ya ƙarasa. Da kifi ya ƙare, gona ta yi gishiri, mazan garinsu suka watsu neman aiki a Kazakistan da Rasha. Yayanta yana cikinsu. Shekara goma sha ɗaya ke nan. Shekaru uku na farko yana kira, daga nan shiru, ba a ce ya mutu ba, ba a ce yana raye ba. A gida gurasar a bango take rataye. Da za ta taho Riyad Apa ta ƙi barinta, ta rungumo ta a jirgi, ta rage kayan sawarta don ta samu wuri.

Ba sai an yi mini dogon bayani ba. Mu ma ai in mutum ya rasu cewa muke abincinsa ya ƙare. Ni na ƙarar da na wannan bawan Allah, da taɓaryata, ina bisimilla.

Na durƙusa na kama ƙafar Apa. Ta janye. Ba ta dube ni ba, ta juya ta fuskanci bango da ƙyallen a ƙirjinta. 'Yar ta raka ni ƙofa ta ce, "Laifina ne, ban faɗa miki ba." Amma ta karɓi makullinta, ta rufe ƙofar a hankali.

Na sauka filin nan da gudu. Me nake nema? Ni ma ban sani ba. Na durƙusa ina tona yashi da yatsa, wani Basudane mai wankin mota yana kallona. Ko ɓurɓushi babu.

Da maigidana ya dawo ya tarar da ni ban ɗora tukunya ba. Ya saurara har na gama.

"Hajiya, ke ma kin san gurasa ba ta dawo da mutum. Allah ke dawo da shi."

"Na sani, Alhaji."

"To kuma ba da gangan kika yi ba."

"Amana aka ba ni ta ɗaki. An ce in goge ƙura, ba a ce in kwance ƙunshin mutane ba. Waya tana hannuna, me ya hana ni tambaya?"

Ya ce, "Wannan kam gaskiya ne. Karambaninki ai ni na san shi, rigata nawa kika bayar sadaka ina cikin sonta?" Ya so in yi dariya, ban yi ba. Sai ya gyara zama ya ce, "Haƙƙin mutum ne, istigfari kaɗai ba ya wanke shi. Sai ta yafe da bakinta. Yaushe za ta koma?"

Nan na tuna. Bizar ziyararta an sabunta har an gaji, kwana tara ya rage mata. In ta hau jirgin nan da abin a ranta, ina zan gan ta? Ƙasar da ko sunanta sai na yi a hankali nake faɗa daidai? Sai dai a gaban Allah.

Kullum da hantsi sai in dafa abu in kai ƙofarsu in ƙwanƙwasa. Ina jin tarinta a ciki, ba ta buɗewa. In ajiye kwanon, da yamma 'yar ta dawo mini da shi yadda yake. Rana ta huɗu na ce wa 'yar ko in sa a gasa wata gurasa irinta. Ta dube ni kawai, ni ma na ji wautar maganar tun kafin in rufe baki.

Rana ta shida aka ƙwanƙwasa tawa ƙofar. Su biyu ne, Apa ta sa takunkumi a hanci.

"Ta ce ki nuna mata wurin."

Muka sauka. Na nuna mata daidai inda na watsa, kusa da wani karyayyen bulo. Tattabaru suna ta kiwonsu. Apa ta tsaya ta daɗe tana kallonsu ɗaya bayan ɗaya, kamar mai neman fuskar da ta sani a cikin taro. Sai ta cire takunkumin ta kira sunan ɗanta, sau ɗaya, da ƙarfi. Tattabarun suka tashi fir gaba ɗaya. Ta zauna a kan bulon ta fashe da kuka, 'yar ta rungume ta, ni kuma na tsaya can gefe ina nawa, don ban ga ina da hurumin matsowa ba.

A matakala 'yar ta raɗa mini cewa tun da yayanta ya yi shiru, uwarsu ba ta taɓa yi masa kuka ba, ba ta kuma yarda a yi sadaka da sunansa ba. Yau ta ce in ta koma za ta dafa abinci ta tara maƙwabta a yi masa addu'a, ko yana raye ko ya riga mu. Ban san ko in ji sanyi ba ko in ƙara tsorata. Har yau ban sani ba. Wata rana in ga kamar sauke mata kaya na yi, wata rana in ga sandar da take dogarawa na karya.

Apa ba ta ce mini komai ba ranar, haka washegari, haka jibi.

Ranar tafiya maigidana ya ɗauki hutun rabin yini don ya kai su filin jirgi. Tun da safe nake jin ƙamshin gashi daga gidansu. Muna fitar da akwatuna Apa ta fito riƙe da jan ƙyallen nan, da sabuwar gurasa a kai, da zafinta, ta yi mata ado a tsakiya da cokali mai yatsu. Ta tsaya a gabana. Ta yi bisimilla ta gutsura da 'yan haƙoran da suka rage mata, ta tauna a hankali ta haɗiye. Ta naɗe sauran ta ɗora mini a hannu biyu, ta yi magana mai ɗan tsawo tana kaɗa mini yatsa.

"Me ta ce?"

'Yar tana share ido tana dariya. "Ta ce ki ajiye inda ɓera ba zai kai ba. Ta ce kuma wannan turmin naki, ki sa masa kwaɗo."

Na ce, "Ki tambaye ta, ta yafe mini? Ina so in ji da kunnena."

Ta tambaye ta. Apa ta kama kunnena ta ɗan murɗa, yadda kakata ke yi mini, ta faɗi kalma biyu ko uku.

"Ta ce ta yafe. Ta ce ke wace irin mace ce, ana barin rabo a gidan da ake fushi da shi?"

Maigidana ya danna ƙahon mota daga ƙasa, ya ɗaga murya ya ce jirgi ba ya jiran masu bankwana.

Gurasar tana saman durowata. Na gaya wa yara da babansu ko ta wace ce, da abin da zai samu wanda ya taɓa. Na san ba ita za ta dawo da Apa Riyad ba, tsohuwa ce mai ciwon ƙirji, hanya kuma da nisa. Ajiya ce aka ba ni. Duk Juma'a in na gama shara nakan hau kujera in kakkaɓe ƙyallen ba tare da na kwance ba, in yi mata addu'a, in yi wa ɗanta, wanda har yau ba a ji ɗuriyarsa ba.